Ku Tambaya Mu Amsa: Karawa da Kwamfuta a Sauran Nau'o'in Wasan Ces

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan abu guda. Masu karatu ne da suka iya wasan ces na asali, suka leƙa sauran nau'o'insa a waya ko kwamfuta, inji ya yi musu dukan kawo wuƙa. Don kada sunaye su rikita mu, ga yadda za mu kira 'ya'yan: sarki, sarauniya, hasumiya mai tafiya miƙe, bishof mai bin kusurwa, doki, da soja. Gidajen allo kuma da harafi da lamba, daga a1 zuwa h8.

Tambaya: A wasan asali nakan kai tafiya ta talatin kafin kwamfuta ta fi ƙarfina. A Chess960 kuwa, a mataki iri ɗaya, kafin tafiya ta goma na yi asarar soja ko doki. Ƙarfi take ƙarawa ne a can?

Amsa: Ba ta ƙara komai ba, Malam, kai ne aka ƙwace wa sandar dogarawa. A wasan asali tafiya takwas ko goma na farko haddarsu ka yi, ko ka sani ko ba ka sani ba, kuma tafiye-tafiye ne da gwanaye suka tace shekara da shekaru. Inji bai dogara da hadda ba, lissafi yake yi tun daga tafiyar farko. Da Bobby Fischer, tsohon zakaran ces na duniya, ya gabatar da wannan nau'i a Buenos Aires a 1996, manufarsa ke nan: a kashe hadda, a bar tunani. Ana yamutsa jerin manyan 'ya'ya a sahun baya bisa sharaɗi biyu: bishof ɗaya a farin gida ɗaya a baƙi, sarki kuma a tsakanin hasumiyoyinsa biyu. Jeri 960 ke fitowa, kuma jerin da ka saba shi ne na 518 a cikinsu.

Maganin shi ne kada ka taɓa komai sai ka yi minti biyu kana duban allo. Fara da sojojinka takwas, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tambaya: wa ke gadin wannan? A jerin asali kowane soja yana da mai tsaronsa, ko da sarki ne kaɗai kamar na f2. A nan sau da yawa za ka tarar da soja ɗaya ko biyu ba mai gadi, kuma da yake jerin abokin karawa madubin naka ne, shi ma yana da wannan ɓarakar. Daga nan ka dubi bishof-bishof da sarauniya, musamman waɗanda suka faɗo a kusurwar allo. Bishof na a1, da zarar an tura sojan b zuwa b3, idonsa na kan g7 kai tsaye. Tafiya ɗaya ta buɗe hanya ta kuma kawo hari. Yawancin sojojin da kake asara da wuri ta nan suke tafiya. Sannan ka dubi doki. Dokin da ke a1, muddin sojan c2 na wurinsa, ba shi da mafita sai b3, idan kuwa ka riga ka sa soja a can, ka ɗaure shi a turke.

Tambaya: Ina zargin manhajar tana da matsala. Kwamfuta ta yi wata tafiya a Chess960, sarkinta bai motsa ba, sai hasumiya ta tsallake shi. Ni kuma na so yin kasilin, sai sarkina ya taka gida ɗaya kawai, daga nan aka hana ni.

Amsa: Manhajar lafiyarta ƙalau, Malama. Kasilin, wato tafiyar nan da sarki da hasumiya ke yi tare don sarki ya samu mafaka, a Chess960 ba a duba inda suka taso, inda za su sauka ake dubawa. A ɓangaren h, sarki g1 hasumiya f1. A ɓangaren a, sarki c1 hasumiya d1. Daidai da wasan asali. To idan tun farko sarki a g yake zaune, hasumiya kuma a h, babu inda zai je, hasumiya ce za ta tsallake shi ta sauka a f. Abin da kika gani ke nan. Idan sarki na f1 hasumiya na g1, musayar gida kawai za su yi, har ma ana iya yin haka a tafiyar farko ta wasa.

Sharuɗɗan ba su canza ba. Sarki da wannan hasumiyar ba su taɓa motsi ba, sarki ba ya cikin cek, wato ba a kai masa hari, ba zai ratsa ko ya sauka a gidan da ake hari ba, kuma duk gidajen da su biyun za su bi babu kowa a ciki sai su kansu.

Abin da ya same ki kuwa ya sami mutane da yawa. Sarkinki na f1, kika ja shi zuwa g1, manhaja ta ɗauka tafiyar sarki ce ta yau da kullum, haƙƙin kasilin ya tafi ke nan har ƙarshen wasa. Daga yau ki riƙa jan sarki ki ɗora shi a kan hasumiyar da kike so ku yi kasilin da ita. Wannan ce alamar da manhajojin Chess960 ke ganewa ba tare da ruɗu ba.

Tambaya: A ƙaramin mataki kwamfuta sai ta yi wasa mai kyau tafiya goma sha biyar, kwatsam ta ba da sarauniya a banza. Na ƙara mataki biyu, sai ba na ko numfashi. Babu tsaka-tsaki ne?

Amsa: Akwai, amma sai ka fahimci yadda ake raunana inji, ɗan'uwa. Ba a koya masa tunanin ɗan koyo. Stockfish, shahararren injin wasan ces, yana da ma'aunin ƙwarewa daga 0 zuwa 20. Idan aka rage shi, injin yakan fitar da aƙalla tafiya huɗu mafi kyau da ya gani, ya cuɗa musu ɗan sa'a, ya zaɓi ɗaya, sau da yawa ba ta farkon ba. Idan huɗun duk masu kyau ne, ba za ka ga rauni ba. Idan kuwa tafiya ɗaya ce kawai ke ceton sarauniya, sauran ukun asara ce, nan ne yake yin wautar da ta ba ka mamaki. Ana kuma rage masa lokacin tunani da zurfin hange. Kuskuren mutum yana da dalili: kwaɗayi, tsoro, ko bai hango dokin da ke dawowa baya ba. Na raunanannen inji ba shi da dalili, don haka ba abin koyo a cikinsa.

A nau'o'i irin su Crazyhouse da Atomic, da za mu zo kansu a ƙasa, tazarar matakan ta fi faɗi, domin wasan gaba ɗaya a kan gajeren lissafi yake tafiya, inda inji ya fi kowa. Ƙarin hangen tafiya uku kacal yana mai da shi dodo.

Ka tsaya a matakin da kake cin kamar wasa ɗaya cikin uku. A Lichess, shafin wasan ces na intanet, matakai takwas ne, kada ka hau na gaba sai ka ci wasa uku a jere ba tare da janye tafiya ba. Ka sa lokaci mai tsawo ko marar iyaka, tunda agogo kai kaɗai yake cuta. Hanya ta biyu, wadda mu muka fi so: ka bar injin da cikakken ƙarfinsa, amma ka shirya allo da hannunka ka cire masa hasumiya ɗaya ko sarauniya. Zai yi wasa mai ma'ana daga farko har ƙarshe, kai kuma ka koyi yadda ake riƙe rinjaye. Cin sa da cikakken ƙarfi a kan daidaito kuwa, ka cire shi daga lissafi. Tun 1997 injin Deep Blue ya doke Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, kuma injin da ke cikin wayarka yau ya wuce wancan nesa ba kusa ba.

Bayan kowane wasa ka buɗe nazari, ka nemi tafiya ta farko da ma'aunin da ke nuna wa ke kan gaba ya faɗi warwas. Ita kaɗai. Ka rufe amsar injin, ka nemi gyara da kanka, sannan ka duba.

Tambaya: A Crazyhouse nakan fi kwamfuta yawan 'ya'ya, har na ci mata sarauniya, amma sai ta yi ta zuba mini cek har ta kashe sarkina. Ina nake kuskure?

Amsa: Kana ƙirga abin da ke kan allo, ita kuma tana ƙirga abin da ke cikin aljihu. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. A Crazyhouse duk ɗan da ka ci yana sauya launi ya shiga aljihunka, kuma a maimakon tafiya kana iya dasa shi a kowane gidan da ba kowa. Togaciya ɗaya ce: ba a dasa soja a sahu na 1 ko na 8. Sojan da ya kai ƙarshe ya zama sarauniya kuma, idan aka ci shi, soja yake komawa a aljihun wanda ya ci.

Wannan ya birkita darajar 'ya'ya. Doki da soja sun yi tsada, hasumiya da sarauniya sun ragu. Dalili kuwa, cek ɗin da aka yi daga nesa da bishof ko hasumiya ana tare shi da dasa wani ɗa a tsakani, amma na doki ba ya taruwa, haka na sojan da aka dasa a jikin sarki. Duba wannan: sarkinka na h8, hasumiyarka na g8, sojoji a g7 da h7. A wasan asali kana zaune lafiya, sai doki ya yi tafiya uku ko huɗu kana kallonsa kafin ya iso. A nan, idan akwai doki a aljihun kwamfuta kuma babu mai gadin f7, ta dasa shi a can, wasa ya ƙare. Ga wani: sarki na g8, sojoji a f7, g7 da h7, ba kowa a sahun baya. Aka dasa hasumiya a e8. Aljihunka cike yake da sojoji huɗu, amma ba ɗayan da zai sauka a f8, domin doka ta hana. An gama da kai da dukiyarka a hannu.

Don haka kafin kowace tafiya, idonka ya fara zuwa aljihunta. Me ke ciki? A ina za ta dasa shi da cek? Idan na ci wannan ta rama, me zai ƙaru a aljihunta? Tambaya ta ukun ita ce mutane ke mantawa. Musayar doki da doki ba ta rage hari a nan, makami take miƙa wa kowa, kuma wanda tafiya ke hannunsa shi ke fara harbi.

Sojojin da ke gaban sarki kada ka tura su sai dole. Tura h6 don korar bishof ɗabi'a ce daga wasan asali, a nan kuwa gayyata ce: inji zai ba da bishof ɗin a kan h6, sojanka na g7 ya ci ya bar gidansa, sai inji ya dasa sojan da ya samu a g7, doki ya biyo baya a h5 ko f5. Duk ramin da ya buɗe kusa da sarkinka, ka toshe shi da dashe tun kafin a shiga, ko da kana ganin ɓata tafiya ne. Gidan f7 na baƙi da f2 na fari su ne ƙofar da aka fi fasawa.

Sarauniyar da ka ce ka ci kuwa, wataƙila ba kuskure ta yi ba, sayar maka ta yi. Idan ta karɓi doki da bishof a madadinta kuma cek na hannunta, ita ta ci riba. Haka nan lambar da nazari ke nunawa, kada ka karanta +3 a matsayin sojoji uku. A wannan wasa tana iya tashi daga nan ta koma kisa a tafiya ɗaya.

Tambaya: A Atomic an kashe ni a tafiya uku, sau biyu a jere. Ko cek ba a yi mini ba.

Amsa: Ba a bukatar cek, 'yar'uwa. A Atomic duk ci fashewa ne: mai ci da wanda aka ci duk sun tafi, tare da duk wani ɗa da ke gidaje takwas na kewaye, ban da sojoji. Sarkin da fashewa ta shafa ya mutu. Abin da aka yi miki shi ne doki f3, doki e5, sannan ya ci d7 ko f7, dukansu maƙwabtan sarkinki ne na e8. Da ya isa e5, in ba ki da mai cinsa, an makara, domin ƙofa biyu yake hari, ɗaya kawai za ki iya rufewa. Amsar da aka saba bayarwa ga doki f3 ita ce soja f6 nan take, saboda daga can yana tsare e5 da g5 duka.

Dokoki uku za su rage miki mamaki nan gaba. Sarki ba ya cin komai, tunda zai fashe da kansa, don haka sarauniya na iya zuwa jikinsa ba mai mara mata baya ta kashe shi. Idan ana miki cek amma kina da cin da zai fasa sarkin abokin karawa, ki ci, nasara taki ce. Sannan sarakuna biyu na iya mannewa da juna, kuma muddin suna manne babu cek, domin duk wanda ya ci sarkin wani ya fasa nasa. Wanda aka fi ƙarfi a ƙarshen wasa da haka yake neman canjaras: ya liƙe wa sarkin abokin karawa, duk inda ya taka ya bi shi.

Gadi irin na wasan asali ba shi da amfani a nan, tunda mai ci ya riga ya tafi, babu wanda za a rama a kansa.

Tambaya: Na ji an ce an gama warware Antichess. To mene ne amfanin buga shi da kwamfuta?

Amsa: An warware shi ta fuska ɗaya. A 2016 Mark Watkins ya kammala tabbatar da cewa fari yana cin wasa idan ya fara da soja e3, duk abin da baƙi ya amsa. Amma hujjar rassa ce masu ɗimbin yawa da kwamfutoci suka yi shekaru suna bi, ba abin da kan mutum zai ɗauka ba ne. Kai dai wasa na nan a gabanka.

Ga wanda bai sani ba: a nan wanda ya rabu da 'ya'yansa duka, ko ya rasa tafiya, shi ya ci. Ci wajibi ne idan ya samu, sarki ɗa ne kamar kowa, babu cek babu kasilin, soja ma na iya zama sarki. Wajabcin cin nan ne ke sa inji ya yi hange mai nisa ƙwarai, saboda a tafiye-tafiye da yawa zaɓi ɗaya ne tak.

Kada ka fara da e4, d4 ko d3, duka ukun asara ce tabbatacciya. Dubi d3: baƙi ya tura g5, dole bishof ɗinka na c1 ya ci. Baƙi ya fito da bishof g7, dole ka ci e7. Daga nan ana ta jefa wa bishof ɗin nan abinci yana haɗiya, ba ya iya tsayawa. Bishof da sarauniya da suka fito fili su ne masifa, ka rabu da su da wuri. Sarki kuwa ka riƙe shi, gajeren takunsa ne ke ba ka tafiyar jira lokacin da kowace tafiya ta zama tarko.

Tambaya: Na sauke Stockfish a kwamfutata don in yi wasa ba intanet. Chess960 yana yi amma yana rikicewa wajen kasilin, Crazyhouse kuwa ya ƙi sam.

Amsa: Matsala biyu ce daban. Stockfish na asali wasan asali da Chess960 kawai ya sani. Don kasilin ya daidaita sai an kunna zaɓin UCI_Chess960, a nan ne injin da manhajar allo za su yarda cewa sarki a kan hasumiyarsa yana nufin kasilin. Idan ɗaya ya kunna ɗaya bai kunna ba, sai ka ga saƙon haramtacciyar tafiya ko wasa ya tsaya cik.

Sauran nau'o'in kuwa Fairy-Stockfish kake bukata, wanda Fabian Fichter ya gina a kan Stockfish. Inji shi kaɗai ba shi da allo, sai ka haɗa shi da manhajar da ita ma ta san dokokin nau'in, irin su Cute Chess, PyChess ko WinBoard. Ka zaɓi nau'in a manhajar, ita za ta sanar da injin ta zaɓin UCI_Variant. Idan manhajar ba ta san dashe ba, komai ƙarfin injin ba za ta nuna aljihu ba.

Saiti biyu ke zuwa a ƙasa ƙwarai: Threads, wato yawan ƙwayoyin furosesa da injin zai yi aiki da su, yana kan 1, Hash kuma, wato ma'ajiyar da yake riƙe lissafinsa a ciki, yana kan megabait 16. Don nazari ka ɗaga Hash zuwa 256, Threads kuma ka ba shi yawan ƙwayoyin furosesarka ban da ɗaya, in ba haka ba kwamfutar za ta yi nauyi, fanka ta yi ta kuka. Don wasa da kai kuwa bar su yadda suke, ya ishe ka. Akwai kuma fayilolin NNUE da ke ƙara wa injin basirar auna matsayi, kowane nau'i da nasa. Na wasan asali ba ya aiki a Crazyhouse.

Tambaya: Ina so in jera Chess960 a allon katako ina buga wa kwamfuta tafiyar. Yaya zan fitar da jeri ba son kai?

Amsa: Ɗan ludo mai fuska shida ya wadatar, jifa biyar. Na farko na bishof ɗin baƙin gida: 1 zuwa 4 na nufin a1, c1, e1, g1, idan 5 ko 6 ta fito ka sake. Na biyu na ɗaya bishof ɗin: b1, d1, f1, h1. Na uku na sarauniya, ka ƙirga gidaje shida da suka rage daga hagu. Na huɗu doki, 1 zuwa 5. Na biyar ɗaya dokin, 1 zuwa 4. Gida uku suka rage: hasumiya, sarki a tsakiya, hasumiya. Baƙi ya jera nasa daidai da naka, sarki na kallon sarki. Wajen shigar da jerin a manhaja ka tabbata nau'in yana kan Chess960 kuma ka sa alama a akwatunan kasilin guda huɗu, in ba haka ba injin zai ɗauka sarakunan sun riga sun motsa.